Gurguzun Kaka

A bayan ɗakin kakata, cikin gidanmu na Kwarbai, akwai ɗan filin da take shuka yakuwa duk damina. Ita ta koya mini cewa ba a binne gurguzu da zurfi, kuma ganye kaɗan ake tsinka domin miya, a bar sauran ya yi zoɓo. Ta rasu ana tsakiyar kaka. Da baffana ya kawo siminti zai shafe wurin, na roƙi arzikin damina ɗaya. Na shuka gurguzun da ta ƙulle a tsumma, zuciyata cike da shakka. Cikin mako tsiro ya keto ƙasa. Ranar da aka dama fate da ganyen, Baffa ya nemi ƙari. Simintin yana zaure, ya daskare.