Wuƙa Ba A Cinikinta Kamar Biri A Sama

Da zarar watan Zulƙida ya raba tsakiya, hankalin kowane magidanci yakan koma kan ragon layya. Za ka ga mutum ya bar aikinsa ya nufi Agege a nan Ikko, ko kasuwar Kara ta kan hanyar Badun, ya yi ta zagaye cikin rana da ƙura. In ya ga ragon da ya kwanta masa a rai, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya leƙa idanu, ya shafa gadon baya ya ji ko da kitse, kana ya sa a ja shi ya yi tafiya don kada a sayar masa da gurgu. Duk wannan daidai ne, ba mai ganin laifinsa. Abin mamakin shi ne, wannan mutum da ya ɓata yini guda a kan rago, in aka zo maganar wuƙar da za a yanka ragon da ita, sai ya ɗauko wayarsa yana kishingiɗe, ya ga hoto mai ƙyalli, ya danna, ya biya, ya jira ɗan aike. To, jama'a, a kan wannan ɗabi'a nake so mu ɗan tattauna a wannan mako.

Ni dai ba na gaba da cinikin intanet. Tun shekarar 2012 da aka buɗe Jumia da Konga a wannan birni, sayayya ta waya ta zama ruwan dare, kuma ta rage wa mutane wahalar cunkoson motoci. Ni kaina nakan sayi littafi ko batirin na'ura ta wannan hanya, domin littafin da na gani a hoto shi ne za a kawo mini, ba ya canzawa. Amma wuƙa tana cikin kayan da ido kaɗai ba ya yanke hukunci a kansu, sai hannu ya sa baki. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A sha'anin wuƙa kuwa, riƙo ya kori gani.

Dalili na farko shi ne, hannun kowa daban yake. Ƙotar da ta cika tafin ƙaton mahauci tana iya gajiyar da uwargida kafin ta gama yanka albasa da alayyahu, wadda kuma ta dace da hannun uwargida sai ta ɓace cikin hannun mahaucin. Haka nan nauyi. Wata wuƙar nauyinta yana gaba, ta fi daɗin sara, amma tana karya wuyan hannu in aiki ya yi tsawo. Wata kuwa nauyin yana baya, sai ka ji tsininta yana yawo ba ya bin inda ka nufa. Mai talla yana iya rubuta maka tsawonta da nauyinta a ma'auni, amma ba zai iya rubuta maka yadda za ta zauna a hannunka ba, tun da bai taɓa ganin hannun naka ba.

Dalili na biyu yana cikin ƙarfen kansa. Wuƙaƙen da ke kasuwanninmu iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, wanda maƙeranmu suka saba da shi, galibi daga sifirin ɗin tsohuwar mota suke saro shi. Yana ɗaukar kaifi da sauri a kan dutse, amma in an bar shi da danshi kwana ɗaya sai tsatsa ta hau shi. Akwai kuma farin nan da mata ke kira silba, wanda wani Bature mai suna Harry Brearley ya haɗa a birnin Shafil na ƙasar Ingila a shekarar 1913. Asirinsa shi ne sinadarin kuromiyam da ake zuba masa, aƙalla kashi goma da rabi cikin ɗari, shi ke hana shi tsatsa. Ko wanne ne daga cikinsu, ba ya zama wuƙar kirki sai an gasa shi ya yi jawur, an tsoma shi cikin ruwa ko mai ya yi tauri, sa'an nan an sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama kamar kwalba. In taurin ya gaza, bakin zai lanƙwashe tun a yankan farko. In ya wuce kima, da ya gamu da ƙashi sai ya ɓantare. Wannan aiki kuwa ba ya fitowa a hoto ko kaɗan. Wuƙar da aka gasa da kyau da wadda aka yanko daga falle aka goge kawai, ƙyallinsu ɗaya ne a fuskar waya.

Ina yaro, mahaifina yakan riƙe hannuna mu tafi maƙera duk shekara, sati biyu kafin Babbar Sallah. Can na fara jin warin gawayin ƙirya, na ga yaro yana buga zugazugi, maƙeri kuma ya damƙe jan ƙarfe da awartaki yana dukansa da masaba a kan uwar maƙera. Tsohon nan nawa ba ya gaggawa. In aka miƙa masa wuƙa, sai ya damƙe ta tukuna kamar mai shirin aiki, ya juya wuyan hannu sau biyu ko uku. Sa'an nan ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya, daidai inda ruwan ya haɗu da ƙota, ya ga inda za ta rinjaya. Daga nan ya ɗaga ta sama ya rufe ido ɗaya, ya bi bayanta da kallo tun daga gindi har tsini, ko akwai karkata. Sai ya juyo da bakin wajen rana. Ya koya mini cewa baki mai kaifi ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ya haska to nan ne ya dakushe. Bayan haka ya ɗora bakin a hankali a kan farcen babban yatsa. In ya kama, madalla, in ya zame, sai ya mayar wa maƙeri. A ƙarshe ya girgiza ta kusa da kunne ko ƙotar tana motsi, ya zura ta cikin kube ya zare, ya kifa kuben ya ga ko za ta faɗo. Duk wannan bai fi minti biyar ba, amma babu ɗaya daga ciki da mutum zai iya yi ta waya.

Da aikin jarida ya kawo ni Ikko, na sami irin wannan ilimi a hannun mahautan mayankar Oko-Oba ta Agege, inda na sha zuwa neman labari. Wani dattijo daga cikinsu ya taɓa shimfiɗa mini wuƙaƙensa a kan tebur yana bayani. Ta yanka doguwa ce miƙaƙƙiya, don ta gama aiki da ja ɗaya. Ta fiɗa gajera ce mai ɗan tumbi, don ta bi tsakanin fata da nama ba tare da ta huda fatar ba, domin fatar da aka huda ta rage daraja a wajen majema. Ta kilishi siririya ce, ita ke shimfiɗa tsoka ta zama kamar takarda. Ƙashi kuwa aikin adda ne ko gatari, ba a haɗa wuƙar kirki da shi. Na tambaye shi ko yana sayen wuƙa bai gani ba, sai ya yi dariya ya ce ko ɗansa ba ya aika ya sayo masa, balle baƙo. Ya ƙara nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba, watau ya jiƙa hannu kafin ya gwada ƙota, domin a wurin aiki hannu ba ya rabuwa da jini da kitse, kuma ƙotar roba mai santsi ita ce take kai yatsu kan kaifi.

Bara na ga gaskiyar maganarsa da idona. Wani maƙwabcinmu ya sayi wuƙa daga wani kanti na intanet, aka kawo masa ita ana gobe Sallah cikin kwali mai kyau, ruwanta da zane kamar igiyar ruwa. Da malamin unguwa ya zo yanka, ya karɓa ya gwada a farce, sai ya girgiza kai ya aika gida a ɗauko tasa. Aka ba mai fiɗa ita don kada kuɗi su tafi a banza. Bai kai ga cinya ta biyu ba ƙotar ta juya a hannunsa, ashe ɗan guntun ƙarfe ne kawai aka cusa cikin roba aka liƙe da gam, ƙusoshi ukun da ke jikinta ado ne. Wuƙa ta tsaga masa tafin hannu, aka bar rago a rataye aka nufi kemis. Zanen nan ma daga baya ya goge da wanki. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta asarar 'yan kuɗi kawai. Yanka ibada ce, kuma addini bai bar wuƙa a baya ba. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Shaddadu ɗan Ausu wanda ya ƙunshi umarni da kyautata yanka, da wasa wuƙa, da hutar da dabba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dole a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna cewa wanda ya yanke wani sashe ya ɗage hannu, sa'an nan ya dawo ya ƙarasa, ba a cin yankansa, ko da yake malamai suna da bayani a kan wanda ya mayar da hannun nan take. To, me ke sa mai yanka ya ɗage hannu in ba dakusasshiyar wuƙa ba? Ashe mutum yana iya tara kuɗin wata da watanni ya sayi rago, wuƙar da bai gwada ba ta jefa layyarsa cikin shakka, ta kuma azabtar da dabbar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Na san wani zai ce, ai akwai sunayen da suka yi fice, in ka ga sunan ka huta. Gaskiya ne akwai su. Victorinox ta ƙasar Suwizalan tun 1884 take aiki, Tramontina ta ƙasar Barazil tun 1911. Okapi mai naɗewa, wadda dattawa suka sani, an fara ƙera ta a garin Solingen na Jamus a 1902, kafin a mayar da aikin Afirka ta Kudu a 1988. Amma fa suna a jikin ƙarfe bugawa ake yi, kuma duk abin da ya yi suna shi masu jabu suke bi. Wanda ya taɓa riƙe ta gaske, da ya ɗauki ta jabu hannunsa zai gaya masa kafin idonsa ya karanta rubutun. Wanda bai taɓa riƙewa ba kuwa, sai abin da aka kawo masa.

Wani kuma zai ce, in ba ta yi ba ai sai a mayar. Shi ma yana da hujja. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ce kayan da aka saya bisa bayani dole su dace da bayanin, ta kuma ba mai saye damar mayar da abin da bai sami dubawa ba kafin a kawo masa. Tun kafin wannan doka ma, malaman fiƙihu sun yarda da cinikin abin da ba ya nan bisa siffantawa, in kuma ya zo saɓanin siffar, mai saye yana da zaɓi. Sai dai haƙƙi a takarda daban, ranar Sallah da hantsi daban. Rago yana ɗaure, baƙi suna jira, ofisoshi a rufe. Ko an mayar maka da kuɗinka bayan sati biyu, ba za a mayar maka da ranar ba, ba kuma za a ɗinke hannun mai fiɗa da takardar doka ba.

Akwai wata riba kuma da ba a cika lissafawa ba. Mutumin da ya je ya tsaya gaban maƙeri ko mai tebur, ba wuƙa kaɗai yake komowa da ita ba. Yakan ji yadda ake wasa ta, da yadda ake shafa mata mai a ajiye, yakan kuma san inda zai koma in ƙota ta saki. Kuɗinsa sun shiga hannun maƙeri, da baduku mai ɗinka kube, da mai gawayi. Daga kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har zuwa Bida da Awka, ƙasar nan ba ta rasa masu sarrafa ƙarfe ba. Abin da suke rasawa a yau shi ne mai saye wanda ya san abin da yake nema. In muka daina zuwa, ilimin zai bi tsofaffi kabari, 'ya'yanmu su tashi ba su san bambancin kaifi da ƙyalli ba.

Saboda haka shawarata ga magidanta ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan bai kama ba, a keɓe yammaci guda a tafi kasuwa, a tafi da yaro ya gani. In ta ɗakin girki ce, a tafi da wadda za ta yi aiki da ita, hannunta ne alƙali. A riƙe, a auna, a duba baya da baki, a gwada a farce ko a kan takarda, a girgiza. In an saya, a sa ta a kube ko a naɗe ta sosai a jefa cikin jaka, don kada a tsorata mutane a mota, a gida kuma a ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Wanda kuwa nisa ko lalura ta tilasta masa saye ta waya, to ya sayi irin wadda ya taɓa riƙewa, ya buɗe kwalin ɗan aike yana tsaye, ya gwada kafin ya sallame shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya kai mu Sallah lafiya, amin.