Mace Ɗaya, Bakuna Huɗu

Littafin Patrick Modiano mai suna Dans le café de la jeunesse perdue ya fito a Faransa a 2007, shekara bakwai kafin marubucin ya sami kyautar Nobel. Ƙarami ne, ana iya gama shi a zama ɗaya, amma nauyinsa sai bayan an rufe shi yake sauko wa mai karatu. Ma'anar sunan ita ce gidan shan gahawa na ƙuruciyar da ta ɓace, kuma a irin wannan gida, mai suna Condé, a birnin Faris, labarin ya kafu.

Bakuna huɗu ne ke ba da labarin mace ɗaya, Jacqueline, wadda masu zaman gidan suka laƙaba wa Louki: ɗalibin da ke kallonta daga nesa, da mai binciken da mijinta ya ɗauka don ya nemo ta, da ita kanta, da masoyinta Roland. Mu da muka saba da nazarin zubi da tsari, za mu zaci kowane baki zai cike giɓin da na baya ya bari. Ina! Ko da Louki ta karɓi magana, ta faɗi yadda take yawon dare tun tana yarinya, lokacin da mahaifiyarta ke aiki a Moulin Rouge, ba mu fahimci abin da ya sa gudu kaɗai ke sanyaya mata rai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kundin da wani ɗan zaman gidan, Bowing, ya shekara uku yana cikawa da sunayen masu shigowa da lokacin shigowarsu, don kada su ɓace kamar ba a yi su ba. Kundin ya riƙe suna da sa'a, mutanen kuwa sun zame. A ganina nan jigon yake: abin da ya ɓace mana a ƙuruciya shi ne mutanen da muka yi ta zama da su kullum, ba tare da mun san su ba.

Shi ya sa nake ganin mai binciken ya fi kowa mutunta Louki. Ya gano sawunta, sannan ya zaɓi ya ɓoye wa mijin, ya bar ta da sirrinta. Roland kuwa, da ya koma unguwar shekaru bayan ta faɗo da kanta ta taga, sai ya tarar Condé ya zama kantin sayar da kayan fata.