Ranar da na yi wa mamaci addu'ar samun sauƙi

Shekarata ta biyu ke nan a gidan rediyo a Maraɗi lokacin da saƙon ya iso daga Zangon Kumasi. Wani saurayi haifaffen can ne ya rubuto da Ingilishi, yana son a sanar da dangin mahaifinsa. Ni kuwa da Faransanci na yi karatu, Ingilishina na tsintuwa ne. Na ga ya rubuta "diseased", na buɗe ƙamus, ƙamus ya ce mai fama da cuta. Sai na shiga fili na ce Alhaji na kwance ba lafiya, a taya shi da addu'a.

Ashe kwana biyu ke nan da yi masa sutura. "Deceased" yaron yake nufi, wato marigayi. Ƙanwar Alhajin, tsohuwa, har ta sayar da tunkiya za ta je dubiya.

Kalmomin nan kama kawai suka yi, ba su haɗa kaka ba. "Deceased" daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin tafiya ko barin wuri, kuma ƴar'uwar "décès" ce da muke gani a takardar shaidar mutuwa. "Diseased" kuwa daga tsohon Faransanci take, inda take nufin rashin sukuni. Ta farko da sautin "s" ake faɗinta, ta biyu da "z". Ta farko ta mutane ce, an fi jin ta a kotu da maganar gado. Ta biyu an fi jingina ta ga dabba, itace ko gaɓar jiki. Bature ba ya cika kiran mahaifinsa da ita. Da na san wannan, da na yi shakka.

Na je gidan tsohuwar ta'aziyya, kaina a ƙasa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni." Ta ce, "Ɗana, addu'ar da aka yi masa ba ta faɗi ƙasa ba. Amma gobe ka tambaya."

Ƙamus bai yi mini ƙarya ba, abin da aka rubuta ya fassara. Lambar yaron kuwa tana ƙasan saƙon, ban kira ba. Tun ranar, sanarwar ciwo ko rasuwa ba ta fita daga bakina sai na ji muryar mai ita.