Rumfar haya da tukunyar maƙwabta

Da an shiga kaka, amfanin gona ya zo gida, sai bukukuwa su kankama daga Birnin Kudu har Gwaram. Kafin a gama maganar sadaki, an fara lissafin kanofi nawa za a kafa da kujerun roba nawa za a ɗauko haya. Ban ga laifin wannan ba. Inuwar dalbejiyar ƙofar gida ba ta ɗaukar jama'ar ɗaurin aure a yanzu, kuma dattijon da ya taso tun daga Sara ya cancanci wurin zama.

Girkin ne ke tsaya mini a rai. Idan aka ba mai abinci kwangila, shinkafa za ta iso a robobi, kowa da yankan namansa, uwar amarya ta samu ta huta. Hutun nan hakkinta ne. Sai dai na san abin da ake rasawa. Tun jajibere maƙwabta ke shigowa, wannan da turmi, waccan da tanda, wata da itace a ka. Gwaggo na tsaye kan ƙullun waina tana ɗanɗana tsaminsa, tana cewa a ƙara kanwa. A bakin murhun nan ne matan da suka yi wata ba sa gaisawa ke shiryawa.

Shi ya sa a bikin ƙanwata na roƙi Inna a yi hayar rumfa da kujeru, a ba da kwangilar shinkafar baƙi, amma waina da miyar taushe a bar wa matan unguwa.