Ya share, ya yi shiru

Shekara 23 ke nan ina koyar da fizik da shimi a lise, kuma duk shekara sai na zana jadawalin Mendeleyef a allo. Idan na zo gida na huɗu, nakan ce "beriliyom, Be, lamba 4", in zarce zuwa karbon da sauran waɗanda ake fitar da tambayoyin jarrabawa a kansu. Ban taɓa ba shi ko minti biyu ba. Sai a damanar bara, da tsakar dare, ƙarfen nan ya biyo ni har ɗaki ta wayar salula.

Ɗan ƙanwata ne ya kira. A gidana ya tashi tun bayan rasuwar mahaifinsa, ni na sa shi lakwal, ni na koyar da shi a ajin ƙarshe kafin bak. Ya yi jami'a a Yamai, ya samu tallafin karatu ya tafi Faransa. Yanzu yana aiki a wani ɗakin bincike, shi ke kula da na'urori masu aiki da hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a likita. Aikin na shekara biyu ne, kuma takardar zamansa a ƙasar rataye take da aikin.

"Kawu, na yi ɓarna," in ji shi, murya na rawa.

A jikin na'urar akwai wata ƴar taga wadda faɗinta bai wuce na kwabon dala goma ba, siririya kamar ɓawon albasa. Da beriliyom ake yin ta, domin hasken X yana ratsa wannan ƙarfe kamar yadda hasken rana ke ratsa gilashi. Wani yammaci, kowa ya tashi, yana gyara sai ƙarfen hannunsa ya zame ya taɓa tagar, ta tarwatse. Ya ɗauko buroshi ya share gutsattsarin, ya hure sauran da baki, ya ƙunshe a takarda ya jefa a kwandon shara. Ya koma gida da rigar da ke jikinsa, ya cire ta ya sa a kwandon wanki tare da kayan jaririyarsu. Kwana uku bai gaya wa kowa ba, sai da wani abokin aiki ya zo kunna na'urar.

Kun san tambayar da ta fara fitowa daga bakina? "Nawa ne kuɗin tagar? Za su cire a albashinka?" Ni malamin shimi. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Ya ce babu wanda ya yi masa maganar kuɗi. Matar da ke kula da lafiyar ma'aikata a wurin ta rufe ɗakin, ta liƙa sanarwa a ƙofa. Aka shiga da takunkumi da safar hannu, aka goge ko'ina da jiƙaƙƙen ƙyalle, aka bi da injin zuƙar ƙura mai matata ta musamman, aka sa komai a leda biyu aka ɗaure. Aka shafo tebur da ƙasa da ƴan takardu aka aika a auna ko akwai sauran ƙura. Ta nemo matar da ke kwashe shara da asuba ta rubuta sunanta. Ta ce ya kawo rigar a leda, ta tambaye shi wa ke yi masa wanki a gida. Sannan ta tura shi wurin likitan ma'aikata. Abin da ya hana shi barci ke nan: me ya shaƙa da har ake wannan hidima a kan abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba?

Ban da amsa a daren. Na ce ya yi addu'a ya kwanta, ni kuwa na kwana ina karatun da ya kamata in yi tun shekara ashirin da suka wuce.

Wani masanin Faransa, Vauquelin, shi ya gano ƙarfen a 1798 cikin dutsen beril da zumurrudu. Faransawa sun daɗe suna kiransa glusiniyom saboda gishirinsa yana da zaƙi a harshe, wato dai masanan farko ɗanɗana shi suke yi. Ba shi da nauyi, ga tauri, ga jure zafi. Da shi Chadwick ya gano nitiron a 1932. Madubai 18 na na'urar hangen taurari ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, da shi aka ƙera su. Idan yana dunƙule babu wanda ya taɓa shi, ba ya cutar da kowa. Masifar tana cikin ƙurarsa da hayaƙinsa: idan aka goga shi, aka huda, aka narka, ko ya fashe.

Yadda yake cutarwa ne ya fi ba ni tsoro. Ƙurar tana shiga huhu ta zauna. A jikin wasu mutane, garkuwar jiki takan ɗauke ta a matsayin maƙiyi, ta yi ta yaƙi da abin da ba za ta iya narkarwa ba, har huhun ya cika da ƴan ƙulle-ƙulle da tabo. Mutum biyu su yi aiki a tebur guda, ɗaya ya tsufa lafiya, ɗaya ya kamu, domin akwai hannun gado a ciki. Cutar kan yi shekara 10 ko 20 kafin ta bayyana, wani lokaci fiye. Sai tari busasshe, da haki, da rama, da zufar dare. Ba a warkewa, sai dai a lallaɓa da kortizon, daga baya da tulun iska. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon kuma ta sa beriliyom cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara.

Amurka ce ta fi shan wannan darasi. A 1946 wata likita, Harriet Hardy, ita da abokin aikinta suka bayyana cutar a jikin ma'aikata 17 na wata masana'antar dogayen fitilu a jihar Massachusetts, akasarinsu mata. A garin Lorain na jihar Ohio kuwa, an samu masu cutar da ba su taɓa taka masana'anta ba: maƙwabta, da matan da ke kakkaɓe kayan aikin mazansu kafin wanki. Da na karanta wannan na gane dalilin tambayar da matar nan ta yi a kan wanki. Mu ma nan ba baƙon labari ba ne. A 2010, a Zamfara da ke maƙwabtaka da mu, ƙurar dalma da aka shigo da ita gidaje daga wurin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400.

A 1949 hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta sa iyaka: kada ƙurar ta wuce mikrogaram 2 a kowace mita kubik ta iska. Ana ba da labari cewa masana biyu ne suka tsayar da lambar a cikin tasi, suna kan hanyar zuwa taro. Lambar ta rage masu kamuwa da cutar nan take, amma mai ɓoyewar ta ci gaba da kama mutane, har da sakatarori da masu gadi a wuraren ƙera makaman nukiliya. A 1999 ma'aikatar makamashi ta kafa shiri na musamman don ɗakunan bincikenta, a 2000 aka yi dokar biyan waɗanda suka kamu diyyar dalar Amurka 150.000 da kuɗin magani. Iyakar kanta sai a 2017 aka sauke ta zuwa 0,2. Shekara 68 ana dogara da lambar da ta ninka ta yanzu sau goma.

Na yi lissafin a allo don in ji shi a jikina. Ajinmu tsawonsa mita 9, faɗi 7, tsayi 3, wato mita kubik 189. A iyakar 0,2, ƙurar da aka yarda ta kasance cikin iskar ajin gaba ɗaya ba ta kai mikrogaram 40 ba. Ƙwayar gishirin tebur guda ta fi ta nauyi. Ido ba ya ganin wannan, hanci ba ya jin sa. Shi ya sa kariyar ba ta dogara da jarumtar ma'aikaci ko kaifin idonsa. Ana fara neman ko wani ƙarfe zai maye gurbinsa. In babu, a yi aikin cikin rufaffen akwati ko ƙarƙashin bututun da ke janye iska. An hana shara da tsintsiya, an hana hurewa. Kayan aiki a wurin aiki suke kwana, can ake wanke su. Takunkumi shi ne na ƙarshe a layi, ko da yake mu shi muke fara tunawa.

Duk wannan tsari yana da ƙofa guda da ba a iya kullewa daga waje. Sai wanda ya fasa ya buɗi baki ya ce na fasa, a cikin minti ɗin. An koya wa yaron nan dokar a satinsa na farko, ya sa hannu a takarda. Da na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, ya yi jim, ya ce: "Kawu, ka tuna tarmometar?"

Na tuna. Yana aji na biyu a lise, wata yarinya ta fasa tarmometa mai ruwan zaiba a darasina. Guda uku gare mu a duk makarantar. Na tsayar da ita gaban aji, na ce sai ubanta ya kawo jika biyar. Ta yi sati ba ta zo ba. Zaibar kuwa, wadda ita ce guba, na sa wani yaro ya share da tsintsiyar kaba, muka ci gaba da darasi tagogi a rufe saboda hunturu. Yara sittin suka ga abin da malaminsu ya ɗauka da muhimmanci, da abin da bai ɗauka ba. Ɗaya daga cikinsu ya tafi da darasin har Faransa. A gida ma haka muke: yaro ya fasa kwano, kafin a duba ko ya yanke an kai masa mari. Muna yabon yaro mai kunya wanda ba ya ɗaga ido, sannan mu tura shi inda shirun kwana uku zai iya bin sa har kabari.

Da aka koma hutu na gaya wa ɗalibaina cewa duk wanda ya fasa abu ya faɗa nan take, ba zai biya ko dala ba. Wanda ya ɓoye shi ne zai gamu da ni. Wani abokin aikina, dattijo da nake girmamawa, ya ce, "Mushe, kafin ƙarshen shekara ba za ka samu ko kwalba guda ba." Yana da hujja, kayan ba su da yawa kuma ba a sake ba mu wasu. Zuwa yanzu an fasa kwalabe huɗu, bara biyu aka fasa, ko kuma biyu na sani. Tarmometa biyun da suka rage na kulle su a kabad.

An ɗebi jinin yaron aka yi gwajin da ke nuna ko garkuwar jikinsa ta fara gaba da beriliyom. Sati uku muka yi muna jira, uwarsa ba ta sani ba, don na ce kada a tayar mata da hankali. Sakamakon ya fito lafiya. Likitan ya ce taga guda ƙaramin haɗari ce, amma za a maimaita gwajin nan gaba. An rubuta ranar da abin ya faru a takardar lafiyarsa, da sunan ƙarfen, domin a Faransa cutar tana cikin jerin cututtukan aiki da ake biyan diyya, jadawali na 33. An kuma sabunta masa aikin.

Na ce ya aiko mini da kwafin takardar. Nufinsa ya dawo gida wata rana, kuma mutum mai tari da rama da zufar dare a nan, kowane likita tarin fuka zai fara tunani, a ɗora shi kan magani na wata shida. Babu wanda zai tambaye shi ko ya taɓa share wata ƴar taga shekara ashirin da suka wuce. Takardar tana cikin akwatina, ƙarƙashin takardar filin gidanmu, kuma na nuna wa babbar ɗiyata inda take.