Ƙwan Fitila Ɗaya

Ni da na karanta harkar lantarki a kwalejin fasaha, babu gyaran da na raina kamar canjin ƙwan fitila. Ka cire, ka sa sabo, shi ke nan. Labarin wani jirgin sama ne ya sa na daina raina shi.

Daren 29 ga Disamba 1972, jirgin kamfanin Eastern Air Lines mai lamba 401 ya taso daga New York zuwa Miami a Amurka. Da suka zo sauka suka saki tayoyi, sai 'yar fitilar da ke nuna cewa tayar gaba ta kafu ta ƙi kamawa. Suka fasa sauka, suka koma tsayin ƙafa 2,000, suka bar wa na'urar tuƙi jirgin, suka duƙufa kan fitila. Mataimaki na fama da zaro ta, kyaftin na ba da shawara, injiniya ya gangara ƙasan ɗakin tuƙi don leƙo tayar.

Masu bincike sun fi zaton kyaftin ne ya gogi sandar tuƙi da ya juya, na'urar ta daina riƙe tsayin. Jirgi ya riƙa yin ƙasa sannu a hankali. Ƙararrawar gargaɗi ta kaɗa, babu wanda ya kula. A ƙarƙashinsu fadamar Everglades ce, duhu ƙirin, babu hasken da zai nuna musu ƙasa ta matso. Mutum 101 suka rasu cikin 176. Ashe tayar lafiyarta ƙalau, ƙwan ne kawai ya ƙone.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu ragon ma'aikaci a cikinsu. Kowa aiki yake yi, kuma kowa ya ɗauka wani na kallon ma'aunin tsayi. Shi ya sa yau ake horar da matuƙa su raba aiki da baki: kai ka tuƙa, ni in duba matsalar. A 1981 kuma hukumar jiragen saman Amurka ta hana hirar da ba ta shafi tuƙi ba idan ana tashi ko sauka ƙasa da ƙafa 10,000.

Na gane hakan a gidanmu. Ranar wani suna janareta ya ƙi tashi, muka taru a kansa mu huɗu, har da Yaya da ta ajiye ɗanta mai rarrafe ta riƙe mana tocila. Muna ta gardamar fulogi ne ko mai, sai salatin Inna muka ji. A bakin rijiya ta ɗauko yaron. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Tun ranar, kafin in tsuguna gaban kowane gyara sai na kira sunan mutum ɗaya na ce: “Kai, bar mana wannan, ka kula da yara.”