Nasiha Ba Ta Ƙara Jini

Malamar ajinsu ce ta turo min ita da ƙorafin cewa yarinya ta lalace: barci a aji, maki ya zube, ga kuka ba gaira ba dalili. 'Yar SS2 ce a makarantar kwana ta 'yan mata inda nake aikin ba ɗalibai shawara. Na ce, "'Yata, me ke damunki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, gabana ne ke yawan faɗuwa, ko bene na hau sai in ji numfashina zai ɗauke." Ba ta rufe baki ba na gama yanke hukunci a raina: tsoron jarrabawa ne da raunin tawakkali.

Haka na shiga yi mata nasiha. Na tsara mata jadawalin karatu, na rubuta mata azkar na safe da maraice, na ce ta riƙa rubuta abin da ke ranta a littafi. Duk ta yi, don yarinya ce mai biyayya. Wata rana tana zaro littafin daga jaka sai wani ƙullin leda ya faɗo, farar ƙasa ce an gutsura rabi. Na yi mata faɗa a kan ƙazanta, na jefa ledar a kwandon shara, muka ci gaba da maganar tawakkali.

Ba a jima ba ta yanke jiki ta faɗi a wajen taron safe. Ƙawayenta har sun fara raɗe-raɗin aljanu. Nas ɗin makaranta, wata dattijuwa marar yawan magana, ta sa yatsa ta ja fatar idon yarinyar ta ƙasa, ta ce, "Malama, zo ki gani." Wurin da ya kamata ya yi ja ya yi fari fat, tafin hannunta ma haka. A asibiti gwaji ya nuna ƙarancin jini mai tsanani. Ashe ta daɗe tana zubar da jini mai yawa lokacin al'ada, kunya ta hana ta faɗa, ni kuma da nake mace 'yar'uwarta ban taɓa tambaya ba. Likita ya ce kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ayan a jiki, haka ma faɗuwar gaba da haki da kasala.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba jahilci ya jawo ba. Na karanta tsarin nan da Thomas Sweeney da Melvin Witmer suka fitar a Amurka a farkon shekarun 1990, wanda suka zana lafiyar mutum a siffar wili, bisa koyarwar Alfred Adler. Sun sa ruhi da imani a tsakiya, sannan sarrafa kai, aiki da hutu, abota da ƙauna suka kewaye. Tsarin ya kwanta min don ya zo daidai da abin da na yi imani da shi, sai na riƙe tsakiyar na watsar da sauran. Alhali abinci da motsa jiki da kula da kai suna nan rubuce a cikin zanen. Su kansu masu tsarin ba su tsaya nan ba. Da Jane Myers da Sweeney suka auna shi da amsoshin mutane masu yawa, sai suka ga rabe-raben bai zauna yadda suka zata ba, suka sake fasali a wajen 2004 da fuskoki 5 na mutum guda da ba ya rabuwa, jiki kuwa fuska ce mai zaman kanta a ciki.

Kada wani ya ce ai tunanin Turawa ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, kuma da jiki ya fara, ci da sha da barci, kafin ya shiga baƙin ciki da tsoro da waswasi.

Magani ma bai gama zancen ba. Da jini ya fara dawowa aka samu bakin yarinyar: mahaifinta ya rasa aiki, kuɗin audugar mata take tattalawa, abin da ya rage kuma ba ya isarta ƙarin abinci. Nan ne nasiha da addu'a suka samu wurin zama, tare da kiran mahaifiyarta da muka yi da ɗan tallafin da malamai suka haɗa. Na ba ta haƙuri, ta ce, "Haba Malama, ba komai." Ni dai na san da komai.

Yanzu kafin in buɗe baki da nasiha sai na tambayi barci, abinci, al'ada, halin gida da kuɗin kashewa, kuma ni da nas muna tura wa juna ɗalibai. 'Yan'uwana masu wannan aiki, duk yarinyar da ta zo muku da faɗuwar gaba da yawan gajiya, ku tura ta a gwada jininta a makon da ta zo.